Ranar da Goggo Mai Shara Ta Zama Fasinja

Shekara ashirin da bakwai Goggo tana shiga jirgin ƙasa, sau biyu a rana, wani lokaci sau uku, amma jirgi bai taɓa motsawa da ita a ciki ba. Aikinta ke nan. Jirgi ya iso babbar tasha, fasinjoji su zube, ita da bokitinta da tsintsiyarta su hau. Minti arba'in ake ba masu shara: a kwashe ɓawon lemo da robobin ruwa, a goge kujeru, a wanke bayi, a ɗaga tagogi iska ta shiga. Da mai tuta ya busa usur, magana ta ƙare. Ko rabin tarago kika share, ko tsummanki na kan kujera a jiƙe, sauka za ki yi. Dokar ba haka kawai aka kafa ta ba. An taɓa tafiya da wata mai shara da ta tsaya ƙarasa goge madubi, sai a tasha ta uku aka sauke ta, ta dawo ta tarar an ba wata tsintsiyarta. Tun daga ranar masu shara ba sa tsayawa tunani in sun ji usur, kafin kai ya gama gane me ake ciki ƙafa ta riga ta taka ƙasa.

Kowa a tashar nan Goggo yake ce mata, har shugabansu da ya ba ta shekara goma. Wani ɗan dako ne ya laƙaba mata tun tana da ƙuruciyarta, sunan ya bi ta, na yankan ya koma cikin takardar albashi ya kwanta. Ɗakinta ɗaya ne a bayan tasha, mai taga ɗaya, da kanta da take jera kofuna a kai. In jirgin kaya zai wuce, kofin ƙarshe yakan yi ta tafiya a hankali har bakin kantar, sai ta sa hannu ta mayar da shi ba tare da ta duba ba. Mijinta ya rasu da daɗewa, 'yarta ɗaya tana ɗakinta da 'ya'ya huɗu. Goggo ba mai magana ba ce. Kana iya yini da ita abin da za ka samu bai wuce "to" da "Allah ya kyauta" ba.

Amma fa ta san hanyar jirgin nan, ko direban albarka. A shara ta san ta. Jar laka mai danƙo a ƙarƙashin kujeru na nufin an yi ruwa a wajen tasha ta huɗu. Farin yashi mai laushi daga can gaba yake, inda ta tabbata akwai kogi, tunda da shi ake shigo da ƙananan bawon katantanwa. Akwai inda ake sayar da wani lemo mai kaurin ɓawo, akwai inda wata fure rawaya ke faɗowa ta taga ta maƙale a labule. Goggo takan tsaya da furen a tafin hannu ta gina garin a ranta, ta dasa masa itatuwa, ta yi masa gada, har da matan da ke shanya a bakin ruwa. Duk shekara ana ba ma'aikata tikitin kyauta. Nata guda ashirin da bakwai haka suka ƙare a cikin gwangwanin allura, wai ita ina za ta je.

Wanda zai ba da labarin Goggo dole ya sako Rediyo. Ita ce abokiyar aikinta ta shekara ashirin da uku, doguwar mace mai bakin da ba ya mutuwa, shi ya sa aka sa mata sunan. Rediyo ta fara shara daga kan jirgi, Goggo daga wutsiya, su haɗu a taragon tsakiya, kuma tun da sauran tarago biyu a tsakaninsu Goggo ke jiyo muryarta tana yi wa fasinjojin da suka riga suka tafi faɗa: "Kai dai wanda ya zauna a nan, Allah ya shirye ka, a gidanku haka kake yi?" Ita kaɗai ce ba ta ce mata Goggo. Bebiya take kiranta. Shekara huɗu da suka wuce idonta ya fara hazo, ta ajiye tsintsiya ta koma ɗan garinsu, tasha ta tara a kan layin. Kullum ta bugo waya sai ta ce, "Bebiya, ki zo mana." Kullum Goggo ta ce sai an ga hali.

Ranar wata Laraba wayar ta zo da wata irin murya.

"Bebiya, saurara, yau ba surutu zan yi ba. 'Yar nan tawa ta zo za ta tafi da ni can inda take aure, ƙetaren teku, wai likitocinsu. Ni na san ba dawowa zan yi ba. Lahadi tun kafin gari ya waye za mu tashi."

Goggo ta ce, "To."

"To ɗin me? Ki bari in gama! Idon nan saura kaɗan. In rana ta take sosai ina ganin fuskar mutum, in ya matso. Da la'asar ta sakko, shi ke nan, sai inuwa. Fitila ba ta yi mini komai. Jirgin Asabar yana isowa ƙarfe ɗaya da rabi, rana tsaka. Ki zo in ga wannan mummunar fuskar taki sau ɗaya, in tafi da ita."

Goggo ta ajiye wayar. Sannan ta sauko da gwangwanin allura ta zaro tikitin bana.

Ranar Asabar ta shigo tasha ta ƙofar fasinjoji, cikin kayan da ta ɗinka tun bikin 'yarta, da jar jakarta da kowa ya san ta da ita a hannu. Kai, ranar nan masu shara sun samu abin yi! Suka jeru da bokitansu suna tafi. "Fasinja! A ba fasinja hanya!" Wata ta rusuna ta ce ranki ya daɗe, an goge miki kujera, in kin ga datti ki kai ƙara. Goggo ta yi musu daƙuwa a ɓoye ta shige tarago na biyar, ta zauna a bakin taga, a gefen kujerar, kamar wadda ta zo gaisuwa gidan surukai.

Da mai tuta ya kai usur baki sai matan suka haɗa murya daga waje: "Goggo, riƙe kujera!" Ta kuwa riƙe, hannu bibbiyu. Usur ya tashi, gwiwoyinta suka zabura, ta danne su. Sai ta ga tashar ta fara tafiya. Wallahi haka ta gani: ginshiƙai suna ja da baya, matan da bokitansu suna ja da baya, ga bayan ɗakinta da zanin da ta manta a igiya, shi ma ya wuce. Ta saki kujerar, ta ce a ranta mai wuyar ta wuce.

Ashe haka jirgi yake in yana da rai. Ita a mace ta san shi, tsit, da zafi da warin mutanen da suka fita. Yanzu ga shi yana rausaya, labule na kaɗawa, ƙasan da ta goge sau dubu yana rawa a ƙarƙashin tafin ƙafarta. Gidaje suka yi ta raguwa har suka ƙare. Gonaki suka buɗe. Wata mata a tsaye a tsakiyar gona ta sa hannu a goshi tana kallon jirgin, Goggo ta ɗaga mata hannu, sannan kunya ta kama ta ta mayar da hannun cinya. Gajimare ɗaya ya bi su tun daga tasha ta biyu har ta huɗu, bai gaji ba. A ta huɗun kuwa ga jar lakar nan, tuli, har kan matakala. Goggo ta yi murmushi kamar ta ga 'yar'uwa.

Kogin ya fi wanda ta gina faɗi, kuma babu masu shanya, sai wani mutum shi kaɗai a kwalekwale, ya kwanta ya rufe fuska da hula, ruwa na tafiya da shi inda ya ga dama. Itatuwan furen rawaya ba gari ba ne ashe, wani dogon layi ne a daji inda babu kowa, suna ta zubar da fure ba mai sharewa. Ta rasa ko daɗi take ji ko kewa. Tana ta tara abin da za ta faɗa wa Rediyo, tana kuma tunanin yadda za ta tsaya a rana, ta ɗaga fuska sosai, ta bar ta ta kalla har ta ƙoshi. Har hoda ta shafa da safe, abin da rabonta da shi an jima.

Abu ɗaya ya hana ta sakewa. Mutumin da ke gabanta, mai ƙaton agogo, yana ɓare lemo yana sakin ɓawon a ƙasa. Ta kau da kai. Ya murƙushe takardar biskit ya tura ƙarƙashin kujera da dunduniya, can lungun da sai an durƙusa ake kaiwa. Nan fa ta kasa. Ta zaro leda daga jaka ta tsince, ta tsince na kujerar gaba, ta gaba da ita ma. Wata mata ta miƙo mata robar ruwa ko kallonta ba ta yi ba, Goggo ta karɓa. Kafin a bar tasha ta bakwai ta gama tarago na biyar ta shiga na shida, jikinta ya saki, hankalinta ya kwanta, jirgi na lilo da ita, rana na shigowa ta tagogi layi-layi. Har ji take kamar daga can gaba muryar Rediyo na tahowa, saura tarago biyu su haɗu.

Jirgi ya tsaya, ba ta lura ba. Tana wajen famfon wanke hannu kusa da ƙofa, tana murza bakin famfon da hankicinta, don wanda aka ba taragon nan yau aikin ganin ido ya yi. Sai usur.

Ta tsaya a kan dandamali, ledar shara a hannu, ta ja baya taku uku kamar yadda doka ta ce. Taragu suka fara wucewa tana ƙirga su, tana duban tagogin da gamsuwa. Na ƙarshe ya wuce. Ta sunkuya za ta ɗauki bokiti.

Babu bokiti. Babu ginshiƙai, babu mata, babu babbar tasha. Wani ɗan gini ne mai ɗaki biyu, da benci, da kaji uku, da layin dogo da ya miƙe cikin ciyawa, jirgin yana ƙanƙancewa a kansa da jakarta da wayarta da komai.

"Innalillahi," in ji Goggo. Ta bi shi da gudu har ƙarshen dandamali, tana ɗaga ledar shara.

Mai kula da tashar wani dattijo ne siriri, yana ba shukokinsa ruwa da buta. Ya saurare ta, ya dubi kayan bikin, ya dubi ledar, ya yi ta ƙoƙarin haɗiye dariya har ya ƙware. Da ya ga idonta sai ya daina. Ya ce nan tasha ta takwas ce, saura ɗaya, amma ɗayar tafiyar yini ce a ƙafa. Mota ba ta biyowa sai ranar kasuwa. Jirgi kuma sai gobe da yamma, shi ma komawa zai yi.

"Sai dai masu gyaran layi," ya ce. "Suna da 'yar kurarsu ta ƙarfe da ke bin dogo. A can suke kwana. Sukan biyo ta nan wajen ƙarfe biyar, in aiki bai riƙe su ba."

Ƙarfe biyar! Goggo ta dubi inuwarta, tana nan dunƙule a ƙarƙashin ƙafa, rana ta take, irin wadda ake so.

Bayan kamar minti arba'in wayar ofis ta yi ƙara. Dattijon ya yi magana da takwaransa na tasha ta tara, sai ya janye kan wayar daga kunne ya yamutsa fuska, ya miƙo mata. Tun kafin ta kai kunne ta ji muryar.

"Bebiya! Usur kika ji ko?"

"Usur na ji."

Rediyo ta fashe da dariya, irin mai tari a ƙarshe. "Na faɗa musu! Suna ta wai ko ta faɗi, ko an sace ta. Na ce wa zai saci wannan? Ku duba taragon, in yana da tsabta to sauka ta yi. Shashasha kawai! Shekara ashirin da bakwai ba ki yi hankali ba." Sai dariyar ta tsaya. "Ina nan kan benci. Ba inda za ni. Rana na nan da sauranta."

Babu sauran komai, su duka sun sani. Goggo ta zauna a bencin tasha ta takwas tana kallon inuwar ginin tana fitowa daga gindinsa, ta haye dandamali, ta sauka kan dogo. Haushin kanta take ji, haushi mai ɗaci. Abu ɗaya tak matar nan ta taɓa roƙonta a duniya, ta zo ta tsaya a rana, shi ne ta tsaya goge famfon da ba wanda ya sa ta. Ta dubi ƙafafunta cikin takalmin biki, da za a iya cire su da ta jefar. Dattijon ya kawo mata shayi a kofin ƙarfe, ya huce a gefenta. Kaji suka zo suka leƙa ledar sharar suka tafi.

Biyar da kwata kurar ta iso, wani faffaɗan katako a kan ƙafafun ƙarfe huɗu, da ɗan inji mai tari, da maza huɗu da gudumominsu. Babbansu, mai furfura a gemu, ya ji bayani ya ce, "Hau, Inna." Suka shimfiɗa mata buhu a gaba, ta zauna ta tattare zani.

Ba bango, ba taga, ba rufi. Dogo biyu ne kawai ke shigewa ƙarƙashinta, iska na cika mata mayafi, ciyawa na shafar gefen katakon. Rana na gabansu daidai, ja, ƙatuwa, a ƙarshen layin, kamar in aka ƙara wuta kaɗan za a cim mata. Tsuntsaye suka tashi daga wani fadama suka bi ta kansu, har tana jin fukafukansu. Wani garken shanu ya tsaya yana kallonsu, ƙura ta yi musu zinariya a baya. Ba ta taɓa ganin abu mai kyau haka ba, kuma ba ta taɓa ƙin abu kamar yadda ta ƙi shi ba, don duk kyan nan hasken Rediyo ne ke ƙarewa.

"Ɗana, ba ta gudun da ya fi haka?"

"Iyakarta ke nan, Inna."

Sau biyu babban ya ɗaga hannu aka tsaya, don kunnensa ya ji wani ƙara a mahaɗar dogo da bai yi masa ba. Suka sauka suka ɗaure ƙusa, suka buga, suka saurara. Goggo ta buɗe baki za ta roƙe su su bari sai gobe, sai ta rufe. Ita ce za ta ce wa mutum ya ga aiki ya wuce?

Sun iso an kunna fitilar tasha, guda ɗaya, ƙwari na zagaya ta. Sama ta yi toka-toka. A kan benci ga doguwar mace ta ranƙwafa, jar jaka a cinyarta ta rungume. Wata matashiya mai kama da ita ta taho da sauri ta kama hannun Goggo ta sauko da ita.

"Sannu, Goggo, sannu da hanya. Tun sha biyu take nan, ta ƙi ci ta ƙi sha." Ta rage murya. "Da aka sauko da kaya, tun daga nesa ta nuna jakarki, ta ce ga ta can, ja. Yau idon da kyau ya tashi. Sai wajen huɗu ta daina duban hanya."

Goggo ta saki hannun matashiyar. Ta ƙarasa gaban bencin ta durƙusa, hodar nan duk ta bi hawaye.

"Na makara," ta ce. "Ki yafe mini. Na makara."

Rediyo ta saki jakar, ta laluba iska har ta samu kanta, ta bi goshi da yatsu, ta bi gira, ta sauko kumatu, ta tsaya a jiƙaƙƙen wurin.

"Ke tafi can, makarar me? Idon nan ya mutu tun watan jiya, ko rana ba na gani. Ƙarya na shirga miki a waya, don na san in ba haka ba ba za ki taɓa hawa jirgin nan ba. Da kin zo da tsakar ranar ma, da haka zan shafa ki. Ba abin da kika rasa mini."

'Yar ta buɗe baki, uwar ta juya kai wajenta, sai 'yar ta rufe. Yanzu ne Rediyo take ƙarya, ba a waya ba, kuma Goggo ta sani, Rediyo ma ta san ta sani. Son matar ya cika wa Goggo zuciya har ya yi mata zafi.

"To," ta ce. "Alhamdulillahi. Ashe ban makara ba."

"Ba ki makara ba. Kin dai tsufa, wannan goshi duk kwari."

Masu gyaran layi suka ɗauke kurarsu daga kan dogo suka yi sallama. Goggo ba ta tashi ba. Ta gyara durƙuso, ta matsa kaɗan inda hasken fitilar ya fi faɗowa, ta ture mayafi baya, ta ɗaga fuskarta dab da idon Rediyo, ko da Allah zai sa. Ta riƙe ta a haka har wuyanta ya ƙage.